Maganin Sanƙo

"Ba sokewa aka yi ba, Dakta, jinginewa aka yi," in ji manaja.

"Jinginewa? Kamar keke a jikin bango?"

Ya yi murmushin yaƙe. Daga sama umarnin ya zo: binciken maganin sikila da Dakta ta ƙarar da ƙuruciyarta a kansa zai tsaya, ɗakin gwajinta ya koma haɗa man da ke tsirar da gashi.

"Masu sanƙo sun cika duniya, kuma hannunsu da maiƙo," ya ce, yana shafa tsakar kansa.

"Ka ga kai ma ka samu na gwaji kyauta, ranka ya daɗe."

Dariyar ba ta zo wa kowa ba. Dakta ta juya ga kejin da ke jere ƙarƙashin farar fitila. Ɓerayen nan da cutar aka haife su. A da sukan dunƙule a lungu, ko ruwa ba sa iya tashi su sha. Yanzu da aka ba su maganin, ga ɗaya yana ta zagaya keji kamar an aike shi. Ta san ƙa'ida sarai: aikin da aka jingine, ba a barin ɓerayensa da rai, sakamakonsa kuma sai a kulle shi, mallakar kamfani ne.

Wata gajiya ta sauko mata tun daga wuya har tafin ƙafa. Ta tuna Auta, ƙanwarta, wadda in ciwon sikilarta ya motsa take cizon matashi don kada Inna ta ji kukanta. Kullum Dakta ta koma gida, Auta kan tare ta da tsokana: "Yaya, ina maganina? Ko ɓerayenki sun shanye?" Ita kuwa sai ta ce saura ƙiris. Har ƙiris ɗin ya tsufa a bakinta.

"A kwashe kejin kafin ƙarshen mako," in ji manaja, ya nufi ƙofa. "Ki huta, Dakta. Kin rame."

Ta zare safar hannunta a hankali, ta jefa a kwando. Sannan ta dubi manaja.

"Ranka ya daɗe, zan yi muku man sanƙon. Amma abin da na gano zan wallafa shi, duk mai ɗakin gwaji ya ɗora daga inda na tsaya. In kora ce, ku kore ni."