To, Shi Ya Zo Ya Haƙa

Shekara goma sha ɗaya Doña Fermina Choque tana yashe magudanar ruwan ƙauyensu da hannunta, tun da mijinta Anselmo ya tafi haƙar ma'adinai bai sake waiwayo gida ba. Amma da aka sabunta dokokin ƙungiyar masu ban-ruwa, sai ga shi a rubuce: "Maigida shi ke da rabon ruwa, shi ke jefa ƙuri'a." Ko sati ba a yi ba Evaristo, ƙanin mijin, ya karkatar da rabon ruwanta na ranar Talata zuwa gonarsa, wai shi ne namijin gidan. Dankalinta ya fara yaushi.

Ta tarar da magatakardan ƙungiyar, Don Casimiro, yana tauna ganyen koka, goron mutanen yankin, a ƙofar ofis.

"Haba Doña, 'shi' ɗin nan ai kowa da kowa ne. Haka ake rubutun hukuma."

"Kowa da kowa? To yaya aka yi ruwan ya san hanyar gonar Evaristo?"

"Kan kalma ɗaya kike ta da jijiyar wuya?"

"Tunda ɗaya ce, goge ta mana."

Ya yi dariya. Dariyar nan ta fi satar ruwan ƙona mata rai. Da zafinta ta zaga gida-gida tana magana da matan ƙauyen.

Asabar ce ranar gayyar yashe magudana. A al'ada ana kiran sunan kowane maigida, a amsa, a shiga taɓo. Yawancin mazan suna birni ko ramin ma'adinai, matansu ke amsa musu. Ran nan Don Casimiro ya yi ta kira, shiru. Mata talatin suna zaune a gaɓa, shebur a gefe, suna kaɗin ulu. Tsofaffi bakwai da Evaristo ne kawai a cikin taɓon.

"Doña Fermina, ku tashi mana, rana tana yi."

"Takarda ta ce shi. To, shi ya zo ya haƙa."

Har rana ta take ba su yashe taku ashirin ba. Don Casimiro ya buɗe littafin ƙungiyar, babu sauran dariya.

"Me zan rubuta?"

"Duk mai shiga taɓon nan."

Ya rubuta. Ta sa ya karanta sau biyu, sannan ta miƙe da sheburinta.

"Yanzu kira sunana. Nawa, ba na Anselmo ba."

Ya bi shafi bayan shafi da yatsa, na duk shekarun nan goma sha ɗaya. Babu sunanta ko wuri ɗaya.