Ƙuri'ar Desmond Tranter

Glenys Tranter na layin biyan kuɗi a kantin unguwa, da kabeji a hannunta, rediyo ta sanar cewa Firaminista ya rushe majalisa, za a sake zaɓe. Matar da ke gabanta, Misis Pugh, ta dire kwandonta.

"Wani kuma? Ba jiya-jiya muka gama ɗaya ba?"

"Wai ƙarfi yake nema," in ji mai kanti, "ya je ya nuna wa mutanen Brussels shi ma namiji ne."

"To ya je mana. Mu ne za mu riƙe masa wando?"

Aka yi dariyar da ba ta kai ciki ba. Shekara uku ke nan da aka tambayi mutane ko a zauna cikin Tarayyar Turai, mai hedikwata a Brussels, ko a fita, suka ce a fita. Tun ranar ake fitar nan, har yau ba a kai bakin ƙofa ba. Manya sun je zaman ciniki sun dawo, sun koma sun dawo, sun ci abincin otal sun yi kumatu, da abin ya cakuɗe musu kuma sai suka waiwayo talaka, wai ya zo ya sake zaɓe. Mutane sun gaji har wuya. Ko kare aka kawo wa maganar nan sai ya yi tsaki.

Ita Glenys ba Brussels ce damuwarta ba. 'Ya'yanta biyu ne, Craig mai gyaran famfo da ƙaninsa Adrian malamin makaranta. Craig ɗan a-fita ne, Adrian ɗan a-zauna. A Kirsimetin shekarar ƙuri'ar suka yi ta ta ƙare a kan naman talotalo, tun daga nan ba su sake zama tebur ɗaya ba. Bara mahaifinsu Desmond ya samu shanyewar ɓarin jiki, magana ta ɗauke, amma ko wannan bai haɗa su ba. Sukan leƙo jefi-jefi, kowa sai ya fara bugo waya ya ji ko ɗayan yana nan. Burinta ɗaya a duniya, mijin nata Des ya ga 'ya'yansa dama da hagu suna cin abinci kafin ta Allah ta kasance.

A makon nan sai ga wayar Craig, zai zo cin abincin Lahadi. Washegari sai ga ta Adrian. Ta faɗa wa kowa cewa ɗan'uwansa ma zai zo, kowa ya ce ba komai. Ta shiga kicin ta yi kukanta na murna ita kaɗai. Ranar Lahadi ta aske wa Des gemu, ta sa masa riga mai guga, ta gasa naman sa da dankali, ta haɗa romo mai kauri irin wanda yake so.

Suka zo, suka yi musabaha kamar baƙi a jana'iza. Aka zaunar da Des a kekensa na marasa lafiya a tsakiyarsu. Aka yi hirar ruwan sama, aka juya ta, aka sake juya ta, har ba ta da sauran mamora. Glenys tana ba mijinta abinci a baki tana satar kallonsu, zuciyarta fari ƙal.

Ta tashi ɗauko gasasshen tuffa da kastad. Tana kicin ta ji Craig ya ja kujera.

"Baba, ka ji za a yi zaɓe ko? Kai ba sai ka wahala ba. Doka ta ce wanda ba zai iya zuwa rumfa ba ya naɗa wani ya jefa masa. Ni zan je maka. In ka yarda, matsa hannuna."

"Ashe abin da ya kawo ka ke nan," in ji Adrian.

"Kai kuma romo ya kawo ka? Mazaɓar nan da 'yan ƙuri'u ake cin ta, ka sani, na sani."

Glenys ta tsaya a bakin ƙofa da kwano a hannu. Ashe ba ubansu suka zo gani ba.

"Ga shi nan, ya matsa," Craig ya ce. "Mama, ke shaida ce."

"Cuta ce wannan. Ni hannun da ya mutu aka bar mini. Tashi mu sauya."

Manyan mutane masu furfura a gemu suka zagaya keken ubansu suka sauya wuri. Adrian ya kama hannun mai lafiya, ya sassauta murya irin yadda yake yi wa 'yan aji ɗaya.

"Baba, jikokinka fa. Ka tuna jikokinka. Ni zan je maka, ko?"

Des ya matsa nasa hannun shi ma, da ƙarfi, idonsa a kan matarsa.

Ta gane. Tun da magana ta ɗauke, haka yake yi in fitsari ya matse shi, kuma ba ya iya riƙewa da daɗewa. Sai dai Glenys irin matan nan ne da aka rena a kan ba a katse mutum yana magana. Ko gida ke cin wuta sai ta jira an kai aya, sannan ta ce a yi haƙuri.

"Ku yi haƙuri, yara..."

"Shekara arba'in yana biyan haraji, kai ka san abin da yake so ka fi ni?" in ji Craig.

"Ai ku kuka jefa mu cikin wannan ƙazantar. Ƙarya aka rubuta muku a bango kuka haɗiye."

"Sannu shehin malami. Mu jahilai mun gode."

"Ku yi haƙuri, babanku yana..."

Ba wanda ya waiwayo. Suna ta yi ta saman kansa, yawu na tashi, kowa riƙe da hannu ɗaya. Sai aka ji ɗiga a kan katakon daɓe. Des ya runtse ido. Mutumin da ya yi rayuwarsa ko shagon jarida ba ya zuwa sai da laktaye a wuya, yau ga shi a jiƙe gaban 'ya'yansa, hawaye na bin ɓarin fuskarsa mai motsi.

Suka saki hannayen a tare.

Glenys ta ajiye kwanon. Ta je ta ɗebo ruwan ɗumi a roba, ta ɗauko tawul da sabulu, ta dire a tsakiyar tebur kusa da ragowar nama. Kunya ta bar ta, ƙyama ce kawai ta rage.

"Ƙuri'a kuke so? To ga ta. Wanda ya wanke ubansa, shi zai jefa."

Craig ya dubi robar. Adrian ya dubi Craig. A shekara uku, yau ne bakinsu ya fara zuwa ɗaya.

"Mama, wannan ai aikin matar nan ce mai zuwa kula da shi," in ji Adrian.

"Ƙwarai. 'Yar Poland ɗin nan, Dorota. A kira ta mana."

"Dorota ta koma ƙasarsu tun bazara," Glenys ta ce. "Ta gaji da jiran a gaya mata ko za a bar ta ta zauna. Na faɗa muku a waya, ku duka biyun. Ni nake ɗaga shi, safe da yamma."

Ta jira, har ta fara sa rai wani zai naɗe hannun riga.

"Ka gani ko?" Adrian ya juya ga yayansa. "Aikinku ke nan."

"Aikinmu? Wa ya kore ta? Da an gama fitar nan tun farko da ta san matsayinta."

Glenys ta rataya tawul a kafaɗa, ta ɗora robar a cinyar mijinta, ta kwance birkin keken. Ta tura shi ta tsakaninsu, kowa ya ja ƙafarsa ya ba ta hanya ba tare da ya yanke zancensa ba.