Sunan da Farfesa Ya Ajiye wa Jikarsa

Bari in fara da nawa laifin, tunda ba wanda zai tambaye ni. Ranar da na je yi wa 'yata takardar haihuwa, na isa gaban taga da sunaye uku a aljihu: zaɓin matata, zaɓin mahaifiyata, da zaɓin surukata. Nawa ra'ayin a gida na baro shi, don dama ba a nema ba. Na dawo da suna na huɗu, wanda babu wadda ta zaɓa a cikinsu. Kafin a gane yadda aka yi haka, sai an san mutumin da ke zaune bayan gilashin.

Akawu ne a ofishin rajistar haihuwa, taga ta ɗaya. Shekara ashirin da bakwai yana kan kujera guda, har kujerar ta ɗauki siffarsa. A gabansa akwai hatimi, da biro ɗaure da zare don kada iyayen yara su tafi da shi, da wani littafi mai baƙin bango wanda ba na gwamnati ba ne, nasa ne. A ciki yake zana layuka masu hawa da sauka, kowane layi suna ne. Abokan aikinsa suna ce masa Farfesa. Har yau yana ɗauka girmamawa ce.

Iliminsa shi ne sanin sunan da zai yi tashe baɗi. A cewarsa, suna kamar ɗinki yake. In mutane suka gaji da dogo, sai su koma gajere. In sunan ya sauko daga gidajen manya zuwa gidajen direbobinsu, to ya kusa mutuwa. Kuma kowane suna sai ya yi barcin shekara sittin, har mai shi ta ƙarshe ta bar duniya, kafin wani ya tono shi ya ce sabo ne. Duk uban da ya tsaya a tagarsa yana sosa kai, sai ya sha wannan darasi kyauta, mutanen da ke kan benci suna tsaki. Abin haushi, hasashensa yana dacewa. Shekarar da ya ce Nuraila za ta yi tashe, sai da ta cika unguwa. Da ya ce Zimran, kowane lungu ka kira sai yara uku sun waiwayo.

Sau ɗaya ilimin ya ci amanarsa, a kan 'yarsa ta fari. Ya zaɓa mata Ruwaila, ya rantse wa matarsa babu mai irinsa ko a littafi. Ranar da aka kai ta makaranta, Ruwaila shida aka samu a ajin. Malama ta jera su bisa tsawo, ta ba kowa lamba. Tun daga nan aka san ta da Ta-Huɗu, har a ofishin da take aiki, har mijinta in ya yi fushi.

To, Ta-Huɗu ce ke da ciki wata bakwai, likita ya duba ya ce mace ce. Wata Asabar da yamma ta zo gida, ta ɗora kumburarrun ƙafafunta a kan bokiti, sai ga Farfesa ya fito daga ɗaki da baƙin littafi a hammata.

"Baba, mayar da shi," ta ce.

"Ban ce komai ba tukuna."

"Littafin nan ya ce. Shekara ashirin ina amsa lamba kamar motar haya."

"Wancan kuskuren lissafi ne. Lokacin ina sabon hannu."

Matarsa tana gefe tana ninke wanki, ba ta ɗago ba ta ce, "Hannun ne sabo, bakin dai shi ne na jiya."

Ya yi kamar bai ji ba. Ya ja kujera, ya buɗe shafi. Ya ce wata uku yana kwana yana tashi a kan wannan magana. Ya shiga ɗakin ajiya na ofis, ya sha ƙura a tsofaffin rajista, ya tono suna ɗaya wanda rabon da a rubuta shi shekara arba'in da ɗaya. Ke nan yana da sauran barcin shekara goma sha tara. Kafin ya farka, jikarsa ta gama makaranta ita kaɗai da abinta. Ya sunkuyo ya faɗa da raɗa, kamar bokitin ma ɗan leƙen asiri ne: Lamira.

Ta-Huɗu ta juya sunan a bakinta sau biyu. Abin ya ba ta haushi, don ya yi mata daɗi.

"Baba, ga sharaɗi. Saura wata biyu. In na haihu babu ko Lamira ɗaya a rajistarku, kai ka sa wa jikarka suna, kuma na yafe maka lambata. In akwai ko ɗaya, ni zan zaɓa, kuma ba ruwanka."

"Ɗaya? Ke, ko rabi ba za a samu ba."

"Sai ka kama bakinka."

Ya dafa ƙirji. Shi? Mutumin da sirrin haihuwar gari guda yake hannunsa?

Ya kama bakin kwana tara. Wannan sai a yaba masa. A rana ta goma wani bakanike ya zo, da baƙin mai a farcensa, ya tsaya yana kallon gurbin suna kamar injin da ya ƙi tashi. Matarsa na son kaza, yayarsa na son kaza. Farfesa ya yi masa darasin ɗinki, ya yi masa na barcin shekara sittin. Bakanike ya ce shi bai yarda akwai sunan da ya rage wanda ba a gama cinyewa ba.

Nan fa aka taɓa Farfesa a inda yake ciwo.

"Akwai. Ni da nake gaya maka ina da ɗaya a ajiye. Amma ba na bayarwa ba ne, na jikata ne."

"Haba ranka ya daɗe, in ji dai. Ji kawai."

Ya faɗa masa. Don ya ji kawai.

"Lamira," in ji bakanike. "Kai! Rubuta."

"Na ce maka na jikata ne!"

"To ai ba ƙarewa zai yi ba. Rubuta."

Dokar ofis kuwa a fili take: abin da uba ya faɗa shi akawu zai rubuta. Farfesa ya rubuta da hannunsa, ya buga hatimi kamar yana buga wa kansa. A hanyar gida ya lallashi zuciyarsa: ɗaya ce, a can ƙarshen gari take, wa zai ƙirga?

Abin da bai sa a lissafi ba shi ne matar bakanike tana da baki ita ma, kuma ta koma asibiti riga-kafi, inda mata arba'in ke zaune a kan benci ba abin yi sai tambayar sunan 'ya'yan juna. Ta ce musu sunan da Farfesa ya ɓoye wa jikarsa ne. Mutumin da ya san sunan baɗi, me kuke gani zai ajiye wa jininsa? Cikin mako biyu aka zo da uku.

Sai ya koma ɓata sunan. Duk wanda ya zo, tun kafin ya buɗe baki, Farfesa zai ce, "Kowane suna ka ga dama, ban da Lamira. Suna ne na tsofaffi, yana da nauyi a baki, yara za su yi mata waƙa." Mutumin da bai taɓa jin sunan ba sai ya ce, "Wanne? Maimaita." A nan na shigo, da sunayena uku da tsoron mata uku. Na ga in na ɗauki ɗaya na yi abokan gaba biyu, in na ɗauki wanda akawu ke hanawa da jijiyar wuya, kowa zai ji haushi daidai wa daida. 'Yata ce ta shida. Ban san ina zare wa bawan Allah jika daga hannu ba, na ma yi masa godiya sau biyu.

Mai taga ta biyu, wata mata mai tabarau da ba ta cika magana ba sai in za ta yi illa, ta leƙo ta saman katakon da ya raba su.

"Farfesa, yaya layin naka? Na ga barcin bai yi nisa ba."

"Abin da nake gaya muku ke nan," ya ce, yana share gumi. "Hancina ya yi yawa. Na shinshino shi tun bai taso ba. Ni kaina ban san na kai haka ba."

"Gaskiya ka kai. Goma sha huɗu yanzu. Goma sha biyu a tagarka."

"Biyu a taki. Kin ga yayi ne, ba ni ba ne."

"Biyun nawa daga layinka suka dawo, da ka tafi cin abinci. Na duba shekarar Nuraila ma, da ta Zimran. Har ta Ruwaila na duba. Duk daga taga ɗaya suka fara, mako guda bayan ka yi hasashe."

Ya ce wannan hassada ce ta wanda bai karanci alƙaluma ba. Ta ce haka ne, ta koma ta ci gaba da buga hatiminta.

A gida ya ɓoye maganar. Da matarsa ta tambaya, sai ya ce komai lafiya, aiki ne ya yi yawa. Dabararsa ita ce a haihu, a rubuta, in ya so daga baya a yi rigimar, tunda hatimi ba ya goguwa.

Ranar Laraba da safe Ta-Huɗu ta haihu. Farfesa ya sa rigarsa mai kyau, ya cika takarda tun daga gida, ya bar wa surukinsa wurin sa hannu kawai. Ya shiga ɗakin masu jego yana murmushi har kunne. Gado takwas ne, Ta-Huɗu tana na ƙarshe kusa da taga, jaririya a gefenta ja wur, ta dunƙule hannu kamar an riga an ɓata mata rai. Ya ɗauke ta, idonsa ya ciko. Ya buɗe baki zai kira ta, sai wata nas ta leƙo daga ƙofa riƙe da kati.

"Maman Lamira!"

Mata uku suka amsa. Ta huɗun tana barci, 'yar'uwarta ta amsa mata.

Ta-Huɗu ta dubi matan ɗaya bayan ɗaya, tana motsa leɓe tana ƙirgawa. Sannan ta dubi ubanta.

"Baba, in da na bi taka, ta nawa za ta zama a ɗakin nan?"

"Wato, 'yata, abin da ya faru, shi yayi in ya tashi..."

"Ta-Biyar. An samu ci gaba. Miƙo min ita."

Ya miƙa. Ta karɓi takardar da ya cika ma, ta ninke ta huɗu, ta sa a ƙarƙashin kofin shayi don kada ya jiƙa tebur.

"To ke wanne kika zaɓa?" ya tambaya, murya ƙasa-ƙasa. "In duba miki a littafi, ko yana hanyar tashe."

"Na zaɓa."

"Ai ni ubanki ne. Ji kawai zan yi."

Matarsa ta yi dariya har sai da ta zauna a bakin gadon wata.

Washegari surukinsa ya zo ofis. Ya gaishe shi da ladabi, har da rusunawa, ya wuce tagarsa ya tsaya a ta biyu. Bai furta sunan ba, 'yar takarda ya tura ta ƙarƙashin gilashi. Mai tabarau ta karanta, ta ce "Ma sha Allah," ta rubuta tana kare shafin da hannu kamar 'yar makaranta a jarrabawa, ta sa rajistar a durowa ta murɗa makulli. Farfesa ya miƙa wuya har ya ji ƙashinsa ya yi ƙara. A gida kowa 'Yar Baba yake ce wa jaririyar, in yana nan. In ya shigo ba zato, sai a yi shiru ana kallon silin.

Har yau Farfesa yana nan a tagarsa. Ya ƙara sabon shafi a baƙin littafi, kuma yana gaya wa duk wanda ya tsaya cewa Lamira ce babbar nasarar aikinsa, don ya hango ta shekara goma sha tara kafin lokacinta. Tawa Lamirar tana rarrafe yanzu, a layinmu kaɗai su uku ne.

Jikar Farfesa watanta bakwai. Mai taga ta biyu ta duba rajistar bana kaf, babu mai irin sunanta ko ɗaya. Kakanta bai san shi ba tukuna.