Osiloskop Ɗin Malam Audi

"Kada ka sa hannu nan, akwai sauran wuta a ciki," in ji Malam Audi daga kan katifa.

Munzali ya janye hannunsa, ransa a ɓace. Shekara ashirin da biyu yana gyaran rediyo a Daura, shagonsa jikin na Audi, gidajensu ma katanga ce ta raba, amma ga mutumin da ciwon hanta ya kwantar yana koya masa aiki.

Abin da ke gabansa osiloskop ne, tsohon akwatin ƙarfe mai ɗan gilashi da ke zana tafiyar lantarki don mai gyara ya ga inda cuta take. Wannan akwati shi ya hana Munzali sakat. Da aka ƙaddamar da shari'a gidajen kallo suka rufe, gyaran bidiyo ya ja baya, aiki ya koma kan amfilifayar masallatai da ta masu wa'azi. Tun daga Sandamu har Babban Mutum wurin Audi ake kawowa, wai shi yana ganin cutar da idonsa, Munzali kuwa lalube yake.

Yanzu akwatin ya mutu, hannun Audi kuma rawa yake, ba ya iya riƙe ƙarfen soda. Kwana uku Munzali yana zuwa bayan la'asar. Ya canza fis, ya canza kwandensa biyu, gilashin na nan baƙi ƙirin.

"Munzali, auna rasistan nan da ke jere kusa da wuyan kwalbar gilashin. Na uku."

"Na duba su jiya."

"Da ido ka duba. Sa mita."

Ya sa, allura ba ta motsa ba. Rasistan, ɗan abin da ke rage ƙarfin wuta, ya yanke ta ciki, waje kuwa lafiya lau. Audi ko juyowa bai yi ba, fuskarsa na kallon bango ya gano shi. Munzali ya liƙa sabo, ya kunna, can sai ga koren layi ya bayyana.

"Alhamdu lillahi," in ji Audi. "Haulatu!"

'Yarsa ta shigo tana gyara hijabi. Karatun lantarki take yi a Katsina.

"Naki ne. Ki yi wa babanki Munzali godiya."

"Na gode, Baba. Allah ya saka da alheri."

Munzali ya amsa da ƙyar. A ransa ya riga ya share wa akwatin wuri a kan teburinsa. Ya tattara kayan aikinsa ya fita, bai koma dubiya ba har kwana biyu.

A na uku, da hantsi, yana shago ya ji kuka ya tashi daga gidan Audi. Yana cikin waɗanda suka ɗauki makara. A maƙabarta wani limamin ƙauye ya ce, "Yanzu wa zai riƙa yi mana gyara?" Munzali na tsaye kusa da shi, har kafaɗunsu na gugar juna.

Bayan an share makoki Haulatu ta leƙo shagonsa. "Baba, ko za ka taya ni ɗaure akwatin? Zan koma makaranta. Direba ya ce sai a kan but ɗin mota."

Ya cire hularsa ya rufe gilashin da ita, ya naɗe akwatin da tsohon bargo, ya ja igiya ya ƙulle. Motar ta ɗauki hanyar Katsina, shi kuma yana tsaye a bakin titi, kansa ba hula.