Faifan da Sagir Ya Rufe

"Na canja wayar ciki, na goge ƙura, amma kwamfutar ta ƙi ganin na'urar faifan, Aina'u," in ji Daniel mai gyara, abokin marigayi mijinta.

Faifan bikinsu ne ya maƙale a ciki. Tun da injin masana'antar fata a Challawa ya yi ajalin Sagir, nan kaɗai muryarsa ta rage.

"Akwai ɗan rami a gaba. In na zura allura zai buɗe, mu kunna faifan a kwamfutata."

Ta shafa murfin. Hannun Sagir ne ya rufe shi, shi ya sa ta hana kowa taɓawa.

"Jiya na nemi tuna dariyarsa, wallahi na kasa," ta ce. "Ɗauko allurar, Daniel. Buɗe shi."