Ladabi a Ƙafa Ɗari Biyar

Abokan aiki sun raɗa masa suna To-Kawu, kuma bai taɓa musawa ba, don musu ba ya cikin abin da aka koya masa a gida. Kawun nasa, yayan mahaifiyarsa, shi ya riƙe shi tun yana ɗan shekara bakwai, shi ya kai shi makarantar tuƙin jirgin sama, kuma shi ne babban kyaftin na kamfanin. Ranar nan wani mai basira a ofishin tsara aiki ya ga ai abin sha'awa ne a haɗa kawu da ɗansa a jirgi ɗaya. Har hoto aka yi musu a gindin matakala.

To-Kawu ya zauna a kujerar dama, ta mataimaki. Aikinsa wajen sauka ba shi da wuya. Kawu ke tuƙi, shi kuma ya sa ido a kan allo, ya faɗi abin da ya gani da babbar murya. Dokar kamfani a rubuce take: in jirgi ya sauko saura ƙafa dubu ya taɓa ƙasa amma gudunsa ya yi yawa, a fasa sauka, a tashi a sake zagayowa. Ko kyaftin ko mataimaki, kowa na iya ba da umarnin. Wanda ya rubuta dokar nan da alama ba shi da kawu.

Masu ba da umarni a hasumiyar filin jirgi sun tsare su a sama, sannan suka ce su sauko a gaggauce. Iska na tura su ta baya, ga titin saukar gajere, ruwan sama ya jiƙa shi sharkaf. A ƙafa dubu To-Kawu ya dubi allo. Gudun ya wuce ƙa'ida nesa ba kusa ba.

Ya yi gyaran murya. "Kawu, kamar dai gudun nan ya ɗan..."

"Na gani," in ji Kawu. "Zai dawo."

"To, Kawu."

Gudun dai bai san Kawu ba, bai san shekarunsa talatin a sama ba, saboda haka bai dawo ba. A bayansu mutum ɗari da arba'in na ta neman takalmansu a ƙarƙashin kujera, hankali kwance, don an gaya musu ƙwararru biyu ne a gaba.

Ƙafa ɗari bakwai. To-Kawu ya yi lissafi sau biyu, amsar ba ta canza ba: tayoyi za su taɓa ƙasa a tsakiyar titi, birki ba zai kama a ruwan nan ba, bayan titin kuma shinge ne da kwari. Tsoro ya kama shi sosai. Abin kunyar shi ne, tsoron kwarin da tsoron Kawu sun yi kusan kai ɗaya. Shi da ko ƙarin ruwan sha bai taɓa nema ba in Kawu na magana.

Ƙafa ɗari biyar.

"Fasa sauka! Tashi!"

Babu "Kawu", babu "don Allah". Shi kansa bai san yana da irin wannan murya ba. Kafin ya rufe baki Kawu ya tura injin gaba, jirgin ya yi ruri ya ɗaga hanci, titin ya shige ta ƙarƙashinsu.

Suka zagayo suka sauka lafiya ƙalau. Fasinjoji suka tafa wa kyaftin. Wani mai jakar hannu ya tsaya a bakin ƙofa yana tambayar wanda zai mayar masa da minti goma sha biyun da aka ɓata masa da yawon shan iska.

Da jirgi ya zama wayam, To-Kawu ya sunkuyar da kai. "Kawu, ka yi haƙuri. Wallahi ban yi nufin ɗaga maka..."

"A ƙafa nawa ka ga gudun ya yi yawa?"

"Dubu."

"A nawa ka buɗe baki da gaske?"

"Ɗari biyar."

"Ɗari biyar ɗin da ke tsakani fa, me kake yi?"

Kawu bai jira amsa ba.

"Ladabi kake yi min," in ji Kawu. "Madalla." Ya jawo takardar rahoto. "Kuskuren nawa ne, zan rubuta da hannuna. Kai ma ka rubuta naka, kada ka rage komai. Kuma zan ce musu kada su sake haɗa mu."

"Kawu, fushi ka yi da ni?"

"Shekara ashirin da biyar ina koya maka kada ka ɗaga min murya. Yau saura ƙiris in ga amfanin tarbiyyata."

Ya miƙo masa biro. To-Kawu ya sa hannu biyu ya karɓa.