Filin da Baba Ke Tuƙi

Tun da kwamitin unguwa ya amince a mayar da filin ajiye motoci wurin shan iska, tela ba ta ƙara yin kalmasa miƙaƙƙiya ba. Shagonta na kallon filin. Sai ta taka keken ɗinki, ta leƙa taga, ta dawo ta farke abin da ta ɗinka. Ita ce fa ta fi kowa zaƙewa ranar taron: fili ya zama kufai tun da kasuwa ta tashi, yara na wasa a bakin titi, a dasa bishiyoyi a sa kujeru kowa ya huta. Ba wai ta manta da mahaifinta ba ne. Cewa ta yi gobe za ta faɗa masa, goben nan ta malalaci da ba ta zuwa.

Tsohon direban babbar mota ne, yanzu yanar ido ta rufe masa gani. Da likita ya hana shi hawa titi, 'ya'yansa suka ɓoye makullin ƙaramar motarsa, shi kuma ya ture kwanon abinci. Dole suka mayar masa, bisa sharaɗin ba zai fita daga filin ba. Can motar ke kwana. Kowace safiya sai ya lallaɓo da sanda, ya goge gilashi, ya yi ta zagaye har rana ta yi zafi. Da sabo yake tuƙi, ba da ido ba. Ya san inda kwalta ta fashe, ya san inda zai karya kwana. Iyakar abin da ya rage masa ke nan, kuma tela na jin tsoron ranar da za ta ƙwace shi da bakinta.

Ran nan ta makara wajen kai yara makaranta. Tana shawo kwana ta ga ma'aikata sun sauke manyan tukwanen siminti na shuka a tsakiyar fili, sun koma ɗauko saura. Motar Baba kuwa ta riga ta tashi. Ta zubar da jaka ta sheƙa tana kiransa, amma gilashinsa a rufe yake. Motar ta daki tukunya ɗaya. Ƙarar ba ta ma yi yawa ba, fitila ɗaya ce ta tarwatse.

Ya fito lafiya lau, ya shafa tukunyar da tafin hannu, ya tambayi abin da ya kawo ta nan. Tela ta faɗa masa komai tana haki, har da hannun da ta ɗaga a taron. Ta jira faɗa, don ta san halin kayanta. Sai kawai ya tambaya ko nan yara za su riƙa wasa. Ta ce nan ne.

Ya daɗe bai ɗauke hannunsa daga simintin ba.

"Ban gan ta ba, Uwata. Ko alama. Da jikana ne a tsaye, haka zan bi ta kansa."

"Baba, zan roƙe su su bar maka gefe guda."

"Kar ki roƙi kowa."

Ya laluba ya kamo hannunta, ya danƙa mata makullin, ya ce ta kai motar gida. Sannan ya bi jikin motar yana dafawa, ya zagaya ɗaya gefen. Tela ta tsaya tana kallonsa yana neman mariƙin ƙofa, ta rasa ko ta buɗe masa ko ta ƙyale shi ya samo da kansa.